Targaɗen idon sawu da muke rainawa a filayen ƙwallon unguwannin Makka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili a jaridarku domin in yi magana da iyaye da matasa da masu horar da 'yan ƙwallo a unguwannin Hausawa na nan Makka, da ma na Jidda da Madina, a kan wani rauni da ido ya saba gani har aka daina ɗaukarsa da nauyi, wato targaɗen idon sawu. Ni ba likita ba ne, mai kula da wata ƙungiyar samarin unguwa ne shekaru da dama, amma abin da na gani a bakin fili, da abin da ƙafata ta hagu ta koya mini, da abin da na karanta na kuma tambayi likitocin ƙashi da na fisiyo, wato masu gyaran gaɓɓai ta hanyar atisaye, sun taru sun hana ni yin shiru.

Dalilin wannan wasiƙa ya faru ne a gasar azumin da ta gabata, irin wadda ake bugawa bayan an idar da asham har zuwa dab da sahur. Wani ɗan wasanmu mai shekara 19 ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, da ya sauko sai ya dira a kan ƙafar mai tsaron baya, tafin ƙafarsa ya juya ciki, nauyin jikinsa gaba ɗaya ya sauka a gefen waje. Kafin a fito da shi daga fili wurin ya tashi kamar ƙwan kaza. Abin da na ji daga bakin kowa, manya da yara, magana ɗaya ce: “Alhamdu lillahi ba karaya ba ce, targaɗe ne kawai.” A daren aka kai shi wurin mai gyaran targaɗe, aka ja ƙafar, aka murza da man zafi, aka ɗaure. Bayan kwana shida ya ce zafi ya tafi, ni kuma da nake ganin wasan kusa da na ƙarshe a gabanmu na bar shi ya shiga, bai kai ƙarshen wasan ba ƙafar ta sake gurɗewa. Bayan Babbar Salla ta gurɗe a karo na uku, kuma a wannan karon babu ƙwallo babu abokin karawa, yana saukowa ne kawai daga matakalar da ta biyo kan dutse zuwa masallaci. Laifin shigarsa wasan nan na biyu nawa ne, kuma ina faɗinsa ne domin kada wani mai horarwa ya maimaita.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar abubuwa da yawa, da ta jini, da wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da agara, duk jijiya muke cewa, shi ya sa bayani yakan rikice. Wadda nake nufi a nan ita ce mai kama da tsirkiya, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. A gefen waje na idon sawu guda uku ne, ta gaba, da ta tsakiya wadda ta sauka zuwa ƙashin dunduniya, da ta baya. Ta gaban ita ce mafi rauni, kuma ita ce ke fara shan wuya duk lokacin da yatsun ƙafa suka kalli ƙasa tafin kuma ya juya ciki, wanda haka ƙafa take kasancewa a daidai lokacin da mutum yake dirowa daga tsalle ko yake yanke gudu zai canza hanya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na targaɗen idon sawu a wannan gefen yake faruwa. Saboda haka abin da muke kira targaɗe yagewa ce, wani lokacin zare kaɗan ne suka tsinke, wani lokacin rabi, wani lokacin kuma jijiyar ta katse gaba ɗaya, kumburin da baƙin jinin da ke kwantawa a gefen ƙafa kuwa shaidar yagewar ne. Zafi yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, alhali jijiyar da ta yage tana bukatar mako shida zuwa wata uku kafin ta yi ƙwari, kuma a cikin wannan tazara da ke tsakanin tafiyar zafi da haɗewar jijiya yaranmu suke komawa fili.

Duk masanin da aka tambaya wane ne ya fi kowa kusa da yin targaɗe, amsarsa ita ce wanda ya taɓa yi. A shekarar 2001 an wallafa wani bincike da aka yi a kan 'yan ƙwallon kwando a Ostareliya, inda masu binciken suka zauna a bakin fili suna lura da wasanni, suka gano cewa wanda ya taɓa jin ciwo a idon sawu ya ninka wanda bai taɓa ji ba kusan sau biyar wajen yiwuwar jin wani, sannan fiye da rabin waɗanda suka ji ciwon ba su je wurin ma'aikacin lafiya ba, wanda ya nuna cewa rainin nan bai tsaya a kanmu kaɗai ba. A 2016 kuma wasu masu bincike a birnin Dablin suka fitar da sakamakon bin diddigin mutanen da suka yi targaɗen farko a rayuwarsu har tsawon shekara guda, aka tarar kashi 40 cikin 100 sun faɗa halin da zan kira sakwarkwacewar idon sawu. Mai wannan hali ƙafarsa takan sake shi ba shiri, yakan gurɗe ta a kan ɗan tsakuwa ko bakin titi, takan kumbura bayan wasa, kuma a zuciyarsa ya daina amincewa da ita. Mutum huɗu cikin goma adadi ne da bai kamata a yi masa “kawai” ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karatu a kai shi ne dalilin da ya sa ƙafa take ci gaba da gurɗewa ko bayan jijiyar ta haɗe. Tun a 1965 wani likitan ƙashi a Ingila mai suna Freeman ya kawo bayanin da har yau ake gini a kansa. A cikin jijiyoyin gaɓa akwai wasu ƙananan 'yan saƙo da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take a kowane lokaci, su ne suka sa ko mutum ya rufe ido ya san ko tafinsa a shimfiɗe yake ko a karkace. Idan jijiya ta yage waɗannan 'yan saƙon ma suna lalacewa, sai labari ya riƙa isa a makare, tsokokin gefen ƙwauri da ya kamata su fizgo tafin waje su ma su makara, kafin su yunƙura ƙafa ta riga ta juya. Ke nan matsala biyu ce take haɗuwa, tsirkiya ta yi sako-sako, mai gadin gaɓa kuma ya rage ji. Hutu yana taimakon ta farko, amma ta biyu sai an sake koya wa ƙafa aikinta da atisaye, kuma babu man da ake shafawa ko ɗaurin da ake yi da zai koya mata.

Akwai abubuwan da ke jikin ɗan wasa tun kafin ya shiga fili. Idon sawun da ya sandare ba ya lanƙwasuwa sama yadda ya kamata, da rashin iya tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba, da raunin tsokokin ƙugu, da ƙibar da ta fi ƙarfin tsawon mutum, duk suna ƙara hatsari. An kuma lura cewa yara sun fi manya yawan yin targaɗe, mata sun fi maza, wasannin cikin ɗaki masu yawan tsalle kamar ƙwallon kwando da ƙwallon raga kuma sun fi sauran, wanda ya kamata iyaye mata su sani tun da an fara darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati a nan Saudiyya daga 2017, an kuma buɗe babbar gasar ƙwallon ƙafa ta mata a 2022.

Sai dai abin da ya fi shafarmu shi ne yadda muke shirya wasanninmu. Wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan ƙwararrun ƙungiyoyin Ingila ya nuna cewa fiye da rabin targaɗen idon sawu a ƙwallon ƙafa daga karo da wani ɗan wasa yake zuwa, kuma yana yawaita a farkon kakar wasa da kuma ƙarshen kowane rabin lokaci, wato lokacin da jiki bai gama shiri ba da lokacin da ya gaji. Duk wanda ya san gasar azumi ya san cewa waɗannan biyun suna haɗuwa a cikinta. Yaron da ya yi watanni bai yi atisaye ba sai a wayi gari yana buga wasa dare bayan dare, ga ƙarancin barci, ga ciki cike da buɗa-baki, ana isowa fili ana sa riga ana hura usur ba tare da ɗumama jiki ba, domin haya ake biya da awa kuma kowa yana ganin mintin da aka kashe a ɗumi asara ce. Wasu filayen ciyawar roba sun tsufa, ɗinkinsu ya ɗaga, wasu kuma fegi ne mai tsakuwa da ramuka. Na sha ganin yaro sanye da takalmi mai dogayen haƙora irin na ciyawar gaske a kan ciyawar roba, wanda ke sa ƙafa ta kafe jiki kuma ya ci gaba da juyawa, ko takalmin aro da ya yi masa yawa, ko wanda dunduniyarsa ta cinye ta gefen waje har tana karkatar da tafi tun kafin a taɓa shi. Alƙalin wasan da ke kau da kai daga sharar ƙafa saboda tsoron 'yan kallo shi ma yana da kaso a cikin kowace ƙafar da ta gurɗe.

Game da maɗora, ina magana ne da girmamawa, domin ɗori sana'a ce ta gado da iyayenmu suka taho da ita daga ƙasar Hausa, Larabawa ma suna da nasu da suke kira mujabbir, kuma mutane da yawa sun amfana da hannunsu. Amma targaɗe ya bambanta da gocewar ƙashi, babu abin da ya fita daga mazauninsa da za a mayar, don haka jan ƙafa da murza ta da ƙarfi da gashi da ruwan zafi a kwanakin farko suna ƙara kumburi ne a kan naman da ya riga ya yage. Sannan hannu, komai ƙwarewarsa, yana iya kuskure tsagewar ƙashi. A 1992 likitoci a birnin Otawa na Kanada suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi ta sanin wanda ke bukatar hoton ƙashi, wadda asibitocin duniya suke aiki da ita. Idan mutum bai iya taka ƙafar taku huɗu ba, ko da da ɗingishi, ko kuma idan aka danna ƙashin idon sawu kansa, ta bayansa ko a kan tsininsa, a waje ko a ciki, ya ji zafi, ko a tushen ƙashin da ya biyo layin ƙaramin yatsa, ko a ƙashin da ya ɗan turo a gefen ciki na tsakiyar ƙafa, to sai an ɗauki hoto. Wannan ƙashi na layin ƙaramin yatsa shi ne ya tsage wa Neymar a 2018 lokacin da ƙafarsa ta gurɗe a wasa da Marseille. Na san cewa wasu daga cikinmu suna jin nauyin zuwa asibiti saboda kuɗi ko saboda matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya sa nake ganin sanin wannan ƙa'ida yana da amfani, tana nuna wa uba lokacin da jinkiri ya zama ganganci. Yaron da bai gama girma ba kuwa a kai shi ko da an yi shakka, domin wurin da ƙashinsa yake tsiro yana dab da idon sawu. Haka nan idan zafin ya hau sama da idon sawu, tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu, wannan wani nau'i ne da ya fi daɗewa bai warke ba. Wanda ya je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ya ce iltiwa'ul kahil za a gane abin da yake nufi, kuma kada ya fito sai ya tambayi ilaji ɗabi'i, wato sashen fisiyo.

Ƙafata ta hagu ta fara gurɗewa ina saurayi, ban iya ƙirga sau nawa ta maimaita ba, kuma a lokacin ana yaba wa wanda ya ɗaure ƙafa ya koma fili da cewa namiji ne. Yau idan na zauna tahiya ba na iya shimfiɗa ta in zauna a kanta yadda sunna ta koyar sai da dabara, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kuma, wanda zagaye bakwai ɗinsa yake kai kimanin kilomita uku, yakan bar ni da kumburi na kwana biyu. Likitan da ya duba hotona ya ce guringuntsin gaɓar ya cinye ta gefe ɗaya. Amosanin gwiwa da na ƙugu yawanci shekaru ne ke kawo su, amma na idon sawu mafi yawansa daga tsohon rauni yake tasowa, karaya ko targaɗen da ya yi ta maimaituwa, kuma yakan bayyana bayan shekara ashirin ko talatin, lokacin da mutum ya manta da wasan da ya jawo shi. Wannan ya fi tsanani a kanmu, domin matasanmu da yawa da ƙafa suke neman abinci, da mai tura keken masu ɗawafi da sa'ayi, da mai ɗaukar kaya a kasuwa, da mai hidimar alhazai tsakanin Mina da Arfa, ga shi kuma gidajen da dama a kan duwatsu suke, hawa da sauka kullum.

Wanda yake ganin kuɗi da manyan likitoci suna iya gyara duk abin da aka ɓata ya dubi Marco van Basten na Holan, wanda ya lashe kyautar Ballon d'Or sau uku, a 1988 da 1989 da 1992. Tun yana Ajax ya ji ciwo a idon sawu ya ci gaba da wasa a kai, aka yi ta yi masa tiyata, wasansa na ƙarshe ya kasance a 1993 yana da shekara 28, daga baya sai da aka haɗe ƙasusuwan gaɓar wuri ɗaya kafin ya samu sauƙin raɗaɗi. Stephen Curry, ɗan ƙwallon kwando na Amurka, ya bi wata hanya, bayan targaɗe ya yi ta damunsa har aka yi masa tiyata a 2011 da 2012, a kakar 2011 zuwa 2012 wasa 26 kaɗai ya buga, sai ya duƙufa ga ƙarfafa ƙugu da koyon daidaita tsayuwa, yana kuma sanya abin ɗaure idon sawu a wasanninsa, ya zama gwarzon gasar NBA a 2015 da 2016.

Abin da Curry ya yi yana da nau'in da ba ya bukatar riyal ko ɗaya. A kwana biyu ko uku na farko a huta, a ɗaga ƙafar sama, a sa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na kimanin minti 15 zuwa 20, a naɗa bandeji ba da matsi mai hana jini ba. Da zarar zafi ya bari a fara takawa a hankali ana motsa gaɓar, domin kwantar da ita makonni a ɗaure yana sandarar da ita. Daga nan sai atisayen tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, da farko ido buɗe a kan daɓe, sannan ido rufe, sannan a kan matashi ko dardumar da aka ninka, sannan ana jefo ƙwallo ana mayarwa, a haɗa da ɗaga dunduniya da tura tafi waje ana jan roba. A Holan an gwada irin wannan a kan 'yan wasa fiye da 500 da suka yi targaɗe, aka ba rabinsu atisayen mako takwas a gida, sau uku a mako, sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa a cikin shekara guda kashi 22 cikin 100 ne suka sake gurɗewa, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kashi 33 ne. Abin ɗaure idon sawu mai igiya ko mai tauri a gefe, wanda a saidaliyya, wato kantin magani, ake kira mishad, shi ma an tabbatar yana rage maimaituwa, kuma ana son a riƙa sa shi a lokacin wasa na wata shida zuwa shekara. Tiyata tana zuwa ne a ƙarshe, ga wanda ya yi watanni yana atisaye ƙafar ba ta daina sakinsa ba, kuma hanyar da aka fi bi ita ce ta ɗinke jijiyar da likitan Siwidin Broström ya bayyana a 1966.

Roƙona ga dattawan unguwa da kwamitocin gasa shi ne su mayar da wasu abubuwa doka tun kafin azumi mai zuwa. A fara atisaye aƙalla wata guda kafin gasa, a ware minti 20 na ɗumama jiki irin tsarin FIFA 11+ da aka fitar a 2006 ko da za a ƙara kuɗin haya, a duba fili da takalma kafin a hura usur, kuma kada a mayar da wanda ya gurɗe ƙafa sai ya nuna a gaban mai horarwa cewa yana iya tsayuwa a kanta ido rufe kamar ɗayar, yana iya tsalle a kanta gaba da gefe ba ɗingishi, yana kuma iya kai gwiwarsa bango dunduniya na ƙasa daidai da tazarar lafiyayyar ƙafar. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha akwai masu sunan Hausawi uku a tawagar Saudiyya, Usama wanda shi ne kyaftin kuma daga Al-Wahda ta nan Makka ya taso, da Umar, da Mu'utaz, kuma yaranmu su suke kallo, musamman yanzu da aka ba ƙasar nan gasar 2034. Ina kuma roƙonku, Malam Edita, ku nemi wani likitan ƙashi ko na fisiyo mai jin Hausa ya yi wa masu karatu bayani da hotuna, ya gyara duk inda na gaza.

Shi kuwa ɗan wasanmu an ɗauki hoton ƙafarsa ba a ga karaya ba, yanzu yana mako na biyar na atisaye, yana iya tsayuwa daƙiƙa 30 ido rufe, amma tsallen gefe har yanzu yana ba shi tsoro, kuma na gaya wa mahaifinsa cewa ba zan rubuta sunansa a jerin masu wasa ba sai ranar da ya yi shi ba tare da ya kalli ƙafar ba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani mai horar da samarin unguwa,
Makka, Saudiyya.